Kango da Lambu: Darasin Tsibirin Iskiya Kan Adana Kayan Tarihi

Daga tashar jiragen ruwa ta birnin Napoli, a kudancin Italiya, zuwa tsibirin Ischia, wanda ake furtawa Iskiya, tafiyar kamar sa'a guda ce a jirgi mai sauri. Faɗin tsibirin bai wuce murabba'in kilomita 46 ba, mazaunansa kuwa wajen mutum 60,000 ne, amma duk lokacin zafi yakan cika maƙil da baƙi masu zuwa wanka a maɓuɓɓugan ruwan ɗumi. Wurare biyu ne da wuya baƙo ya koma gida bai leƙa ba: tsohuwar kagarar da ake kira Fadar Aragon, a gabashin tsibirin, da lambun La Mortella a ɓangaren yamma, kusa da garin Forio. Da yawa sukan haɗa su a yini ɗaya, su ɗauki hotuna, su tafi da tunanin cewa sun ga abu iri guda, wato wuri mai kyau da aka kula da shi.

Wuraren nan biyu ba iri guda ba ne, kuma bambancinsu shi ne babban abin da manazarcin al'ada ya kamata ya ɗauko daga ziyarar. An adana kagarar ne ta hanyar janye hannu daga gare ta, aka bar raunukanta a fili. Shi kuwa lambun, an adana shi ne ta hanyar ƙin ɗauke hannu daga kansa ko da na kaka ɗaya. Kowace daga cikin hanyoyin biyu daidai ce a muhallinta. Ɓarna tana zuwa ne idan aka musanya su, aka yi watsi da abin da ke buƙatar hannu, aka kuma afka da gyara kan abin da ke buƙatar a ƙyale shi.

Ƙasar da ba ta zauna lafiya ba

Kafin a fahimci kagarar ko lambun, dole a san ƙasar da suke kanta. Iskiya tsibiri ne da aman wuta ya haifa. Tsauninsa mafi tsawo, Epomeo, ya kai kusan mita 790, kuma ita kanta tashar jiragen ruwan da baƙo ke sauka a cikinta tafki ce a bakin wani tsohon ramin aman wuta, sai a 1854 Sarki Ferdinando na Biyu ya sa aka fasa mata hanya zuwa teku. Girkawa daga tsibirin Yubiya sun zauna a nan tun ƙarni na 8 kafin Miladiyya, suka kira wurin Pithekoussai. A maƙabartarsu da ke Lacco Ameno ne masanin tono kayan tarihi Giorgio Buchner ya samo ƙoƙon nan da ake kira Ƙoƙon Nestor a 1954, wanda rubutun da ke jikinsa yake cikin mafi daɗewa da aka sani da haruffan Girkanci.

Masanin labarin ƙasa Strabo ya ruwaito cewa girgizar ƙasa da aman wuta sun sha korar mazauna tsibirin, har da dakarun da Hiron, sarkin Sirakusa, ya girke a can bayan yaƙin Kuma na shekarar 474 kafin Miladiyya. Aman wuta na ƙarshe ya auku a farkon ƙarni na 14, wajen 1302, lokacin da narkakken dutse ya malalo daga wurin da ake kira Arso har ya isa teku, ya cinye gidaje da gonaki. Wannan masifa ce ta tura jama'a hawa kan wani curin dutse da ke cikin ruwa daura da gaɓar gabas. Tsoro ne ya gina Fadar Aragon tun kafin sarauta ta ƙawata ta.

Kagarar da aka bar wa tabonta

Curin dutsen yana da tsawon mita 113 daga saman ruwa. A 1441 Sarki Alfonso na Biyar na Aragon ya sa aka yi masa gada ta dutse mai tsawon mita 220, aka kewaye shi da katangu, aka kuma sassaƙa hanya ta cikin dutsen kanta wadda ake bi a hau sama. A lokacin ganiyar wurin, ana ruwaito cewa iyalai 1,892 ne ke zaune a ciki, da majami'u 13, da gidajen zuhudu, da fadar mai mulki. A babbar majami'arsa aka ɗaura auren mawaƙiya Vittoria Colonna da jarumi Ferrante d'Avalos a watan Disamba na 1509, kuma zaman da ta yi a nan ya jawo marubuta da masana daga sassan Italiya.

Da a ce masu kula da wurin sun bi son zuciyar ɗan yawon buɗe ido, da wannan zamani na Vittoria Colonna kaɗai za su zaɓa, su mayar da komai kamarsa. Ba su yi haka ba. Babbar majami'ar da aka yi bikin a cikinta har yau ba ta da rufi, domin dakarun Ingila sun yi mata luguden wuta a 1809, lokacin da Faransawa ke riƙe da tsibirin. Mai ziyara yana tsayawa a tsakiyarta, sararin sama a bisa kansa, ya ga adon farar ƙasa na ƙarni na 18 maƙale a jikin ginshiƙan da suka girme shi da ɗaruruwan shekaru, sannan ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya tarar da zane-zanen bango na ƙarni na 14. Zamani uku ko huɗu ke nan a gini ɗaya, ba a goge ko ɗaya don a fito da wani ba. Kusa da ita akwai majami'ar Immacolata, wadda aka fara ginawa a 1737, kuɗi suka ƙare kafin a yi mata ado. An bar bangayenta farare fat kamar yadda talauci ya bar su, yanzu kuma a ciki ake baje kolin zane-zane.

Haka kuma ba a ɓoye abin da ke tayar da hankali ba. A ƙarƙashin gidan zuhudun mata mabiya ɗariƙar Santa Chiara, wanda aka kafa a 1575, akwai wasu ɗakuna masu kujerun dutse jere a jikin bango. A kansu ake zaunar da gawawwakin matan da suka rasu har jiki ya zagwanye, sannan a tattara ƙasusuwa, su kuma na raye su riƙa sauka suna addu'a a wurin don tuna mutuwa. Can sama akwai ɗakunan kurkuku, domin daga 1823 sarakunan Napoli sun mayar da kagarar gidan yari, daga baya kuma suka riƙa tsare masu adawa da mulkinsu a ciki, irin su Carlo Poerio, har zuwa 1860. A 1912 gwamnatin Italiya ta yi gwanjon wurin, wani lauya ya saya, kuma zuriyarsa ce ke kula da shi har yau.

Wannan salon adanawa yana da tushe a ilimi. Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda masana gine-ginen tarihi suka tsara, ta ginu kan ƙa'idoji biyu da suka dace da abin da ake gani a nan. Ta farko ita ce gyara ya tsaya a inda zato ya fara. Ta biyu ita ce a mutunta abin da kowane zamani ya ƙara wa gini, kada a rushe shi don neman kamanni guda. Dalilin a fili yake. Gini shaida ne, kamar tsohon kundi. Wanda ya sami kundin ajami da ruwa ya ci wasu layukansa, ya cike gurbin da abin da yake tsammani, ya kuma daidaita tawadar yadda ba za a gane ba, ya lalata kundin ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Garin neman gira ya rasa ido. Rufin da babu a majami'ar Iskiya yana ba da labarin 1809 fiye da duk wani allon bayani da za a kafa.

Lambun da ba a ɗauke masa hannu

Idan aka bar gabashin tsibirin aka zagaya zuwa yamma, sai a tarar da akasin haka. William Walton, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, da matarsa Susana, 'yar ƙasar Ajantina, sun zo Iskiya da zama a 1949. Daga baya suka sayi wani kwari a gindin tudun Zaro, wuri mai cike da manyan duwatsun aman wuta, babu ruwa babu inuwa. A 1956 suka gayyato Russell Page, gwanin tsara lambuna, ya zana musu fasalin ɓangaren kwarin. Sunan La Mortella ya samo asali ne daga wani ɗan itace mai ƙamshi da ke fitowa da kansa a tsakanin duwatsun wurin. An ɗebi shekaru ana fasa dutse, ana gina dakalai, ana kawo ƙasa, ana dasa itatuwan da za su tare iska da rana kafin a kawo tsirrai masu laushi.

Yau wurin ya zama kurmi mai sanyi, da maɓuɓɓugan ruwa, da tsirrai daga nahiyoyi daban-daban, ciki har da katon badon nan na kogin Amazon mai ganye kamar faifai. Bayan rasuwar William a 1983, Susana ta ci gaba da shimfiɗa lambun zuwa saman tudu da tsarin kanta, ta ajiye tokar gawar mijinta a cikin wani dutse da ke fuskantar teku, ta buɗe wurin ga jama'a a 1991. Ta rasu a 2010, ta bar shi a hannun wata gidauniya wadda ke kula da tsirran, take kuma shirya tarukan kiɗa ga matasa masu koyo.

Tambayar da ta dace a nan ita ce: mene ne ainihin abin da ake adanawa a La Mortella? Ba ganyen da Susana ta taɓa da hannunta ba ne, wannan ya bushe tuntuni. Tsirrai suna mutuwa ana maye gurbinsu, itace yana girma ya sauya inuwar da ke ƙarƙashinsa, dole a sauya abin da aka shuka a wurin. Abin da ke wanzuwa shi ne tsarin, da kuma sanin da ke kan ma'aikatan: wace shuka ke son wane lungu, yaushe ake sassabe, yaya ake raba ruwa a lokacin da sama ta ɗauke. Shi ya sa masana suka ga ƙa'idojin Venis ba su wadatar ba, suka tsara Yarjejeniyar Florence a 1981, wadda ta ɗauki lambun tarihi a matsayin abin tarihi mai rai, wanda adana shi ke nufin aiki marar yankewa. Da za a yi wa La Mortella irin ladabin da aka yi wa majami'ar kagara, a ce kada kowa ya taɓa, da 'yan shekaru kaɗan sun isa ya koma jeji ko ya bushe.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Akwai suka masu nauyi, kuma bai kamata a tsallake su ba. Ta farko ita ce son kango nishaɗin mai ƙoshi ne. Mutanen Iskiya sun iya barin majami'arsu ba rufi domin ba su da buƙatarta, tun daga tsakiyar ƙarni na 18 suka fara sauka daga kan dutsen da barazanar hari ta ragu, suka koma bakin gaɓa da ibadarsu da kasuwarsu. Al'ummar da ke salla ko kwana a cikin tsohon gini ba za a ce mata ta zauna ruwa na zuba a kanta don tarihi ba. Wannan gaskiya ce, kuma tana nuna cewa janye hannu ya dace ne da ginin da aikinsa ya ƙare, ya zama shaida zalla.

Suka ta biyu ta shafi mallaka. Kagarar da ta ceci dubban talakawa yanzu dukiyar iyali ɗaya ce, sai da tikiti ake shiga, an mayar da wani sashe na gidan zuhudun masaukin baƙi, akwai kuma ɗakin nuna kayan azabtarwa wanda ya fi kama da abin jan kasuwa. Lambun ma aikin baƙi ne masu hali, kuma sunayen da aka fi tunawa su ne na Page da iyalin Walton, ba na mutanen Forio da suka fasa duwatsun ba. Duk da haka, adalci ya sa a ce kagarar ta lalace ne a hannun hukuma, ta farfaɗo a hannun waɗanda ke kwana suna tashi a cikinta. Abin lura a nan shi ne samuwar mai ɗawainiya sananne, wanda idan katanga ta tsage za a san ƙofar wanda za a buga.

Suka ta uku ta fi zurfi. Ko da an bar tabo a fili, gini ba ya faɗin labarin ɓangare biyu. Mai ziyara zai ji cewa a 1544 Hairuddin Barbarosa, babban kwamandan jiragen ruwan Daular Usmaniyya, ya afka wa Iskiya ya kwashi mutanen da ake ƙiyasta yawansu da 4,000 zuwa bauta. Ba lalle ba ne ya ji cewa Alfonso d'Avalos, ɗan gidan da ke mulkin tsibirin, yana cikin manyan kwamandojin da suka ƙwace Tunis daga hannun Barbarosa a 1535, harin da aka kashe jama'a masu yawa a cikinsa, aka kuma bautar da wasu, ko kuwa cewa birnin Napoli ya daɗe cike da bayi Musulmi. Bahar Rum na wancan zamani tekun kame ne daga gaɓa zuwa gaɓa. Dutse yana riƙe shaidar wanda ya ji tsoro a bayansa, sauran labarin aikin manazarci ne ya nemo shi a kundaye.

A ƙarshe akwai abin da tsibirin kansa ya kasa adanawa, wato tunawa da halin ƙasarsa. Girgizar ƙasa ta 28 ga Yuli 1883 ta rushe garin Casamicciola, ta kashe sama da mutum 2,000, ciki har da iyaye da 'yar'uwar Benedetto Croce, wanda aka zaro daga ɓaraguzai ya rayu ya zama babban masanin falsafa. Wata girgizar ta sake taɓa garin a Agustan 2017, sannan a Nuwamban 2022 zaftarewar ƙasa daga gefen Epomeo ta hallaka mutum 12 a can, abin da ya sake tayar da muhawara a Italiya kan gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba a wurare masu haɗari. Al'umma tana iya lallaɓa kagararta ta manta dalilin da ya sa kakanninta suka hau can.

Inda maganar ta shafi ginin ƙasa

Manazarcin Hausa da ya zo nan zai tuna ganuwar Kano, wadda tarihi ya danganta fara ta ga Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka kuma sanya ta a jerin wucin gadi na UNESCO a 2007. Abu ne mai sauƙi ya kwatanta ta da Fadar Aragon, tunda dukansu katangun tsaro ne. Sai dai ta fuskar abin da aka yi ta da shi, ganuwa ta fi kusa da lambun. Dutsen Iskiya zai jure shekara ɗari ba a taɓa shi ba, tubali kuwa damina kaɗan ke mayar da shi tudu. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, kamar yadda mutanen Jenne a Mali ke fita kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu. Takardar Nara ta 1994 ta amince da irin wannan fahimta, cewa ana auna sahihancin abin tarihi ne bisa al'adar da ta haife shi, kuma fasaha da hanyar aiki suna cikin ma'aunin.

Abin takaici shi ne an juya lissafin. Dogayen sassan badala, waɗanda ke buƙatar hannu duk shekara, an bar su ga ruwan sama da masu haƙar ƙasa da masu yanka filaye. Ƙofofi kuwa, waɗanda siffarsu ta asali ita ce shaidar, an rushe wasunsu don faɗaɗa hanya, aka sake su da siminti cikin wata siffa dabam. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani a ƙarni na 19, ya tsira ne ta wata hanya ta tsakiya, aka lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970, bakan gizonsa na ciki suka rage amma kamanninsa na waje suka ɓace. Ana iya jayayya a kan wannan zaɓi, amma aƙalla ya bar abin da za a yi jayayyar a kansa.

Idan adana ginin ƙasa yana nufin adana sanin da ke gina shi, to aikin ya faɗo kai tsaye cikin fagen sassan nazarin Hausa, ba na masu zanen gine-gine kaɗai ba. Yadda ake cuɗa ƙasa da ramno, yadda ake jiƙa makuba, yadda ake ɗaura azara a tayar da baka, sunayen zane-zanen bango da ma'anoninsu, tsarin sarautar magina da yadda yaro ke koyo a ƙarƙashin ubangidansa, duk wannan harshe ne da al'ada, kuma yana bakin dattawan da ke raguwa kowace shekara. Akwai buƙatar a naɗi muryoyinsu a bakin aiki, a tattara kalmomin sana'ar da hotunan kowane mataki, a kuma ɗauki magini a matsayin malami a cikin binciken. Haka nan kafin a taɓa kowace tsohuwar ƙofa ko soro, ya kamata a fara yanke hukunci a rubuce: wannan shaida ce da za a tokare a bar ta da tabonta, ko kuwa abu ne mai rai da za a ci gaba da yaɓewa da irin ƙasarsa? Ma'aikatan La Mortella sun gaji aikinsu daga waɗanda suka yi aiki da Susana Walton, shi ya sa lambun bai mutu da mutuwarta ba. Ranar da maginin ƙarshe da ya iya tayar da bakan gizo ya kwanta dama ba tare da almajiri ba, duk kuɗin da za a ware wa ganuwa siminti kawai za su saya.